Sharhi: Wa Yaron Zuru Zai Kira?

Sharhinmu na yau a kan yara ne, da kuma wata 'yar gajeriyar lambar waya da ƙasashe da dama suka keɓe domin yaron da ake cuta ya kira ya faɗi damuwarsa, ba tare da an cire masa ko kwabo ba.

Da yawanku za su tuna abin da ya faru a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi a watan Agustan 2020. An fito da wani yaro mai kimanin shekara 10 daga cikin gidan ubansa, inda aka ce ya shafe wajen shekara 2 a ɗaure tare da dabbobi tun bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wanda duk ya ga hoton a wayarsa a lokacin bai manta da shi ba: ƙashi da fata, ƙafafu sun kasa ɗaukar jiki. 'Yan sanda sun kama mahaifin da matan gidan, aka kai yaron asibiti, manya suka yi ta tururuwar zuwa dubiya, jama'a kuma suka yi ta Allah wadai. Duk wannan ya kyautu. Amma abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne shekara biyun nan. Gidan a cikin unguwa yake, ba a tsakiyar daji ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, an yi ƙaramar Sallah an yi babba, yaron yana nan inda yake. Da wuya a ce a duk tsawon wannan lokaci babu kunnen da ya ji kuka, babu idon da ya ga abin da bai gamsu da shi ba. To in ma mutum ya gani, zuciyarsa ta sosu, wa zai gaya wa? Ya tafi ofishin 'yan sanda a rubuta sunansa, gobe a ce shi ne munafukin unguwa? Ya tunkari mai gidan a ce masa ina ruwanka? Da yawa daga cikinmu a nan muke tsayawa, mu ce Allah Ya kyauta, mu ja ƙofarmu.

Kada a ɗauka na Badariya ne kaɗai. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya kan cin zarafin yara, aka fitar da sakamakon a watan Satumban 2015. Abin da aka gano shi ne yara 6 cikin 10 na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an taɓa yi musu cin zarafi na lalata. Sannan ga adadin da ya fi tsaya mini a rai: cikin yara 100 da aka cuta, ko 5 ba su cika ba waɗanda suka samu wani taimako. Sauran sun haɗiye abinsu, sun girma da shi. Galibi kuma mai cutar ba baƙo ba ne. Na gida ne, ko maƙwabci, ko malami, ko wanda ake aiken yarinya wurinsa kullum.

Irin wannan shirun ne ya haifar da layin agajin yara. Kuma abin sha'awa gare mu masu aikin watsa labarai, daga shirin gidan talabijin aka faro shi a Ingila. A 1986 wata 'yar jarida mai suna Esther Rantzen ta gabatar da shiri a BBC kan yaran da ake gallaza wa, aka buɗe layin kyauta mai suna Childline. A daren farko an yi ƙoƙarin kiran layin har sau kusan 50,000. Yaran suna nan da ma, da ciwonsu, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai saurare su bai ga fuskarsu ba.

Labarin Indiya ya fi kama da namu. Wata malama mai suna Jeroo Billimoria ta saba da yaran da ke kwana a tashoshin jirgin ƙasa na birnin Mumbai, ta ba su lambar gidanta, su kuwa suka riƙa kiranta da tsakar dare: wani ba shi da lafiya, wani an lakaɗa masa duka, wani 'yan sanda sun kwashe abokinsa. Da abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai aka kafa layi a 1996, lambarsa 1098. A lura da yadda aka tsara ta: goma, tara, takwas, ƙirge ne daga sama zuwa ƙasa, wanda ko yaron da bai taɓa shiga aji ba zai riƙe. Ita dai wannan malama ce ta jagoranci kafa ƙungiyar Child Helpline International a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a 2003, wadda a yau ta haɗa irin waɗannan layuka daga ƙasashe sama da 130. Kowace 17 ga watan Mayu ana bikin ranarsu ta duniya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa baki. Babban rahoton da Paulo Pinheiro ya jagoranta a 2006 kan cin zarafin yara ya shawarci gwamnatoci da su samar da hanyoyin kai ƙara waɗanda yaro zai iya kaiwa gare su cikin sirri, ya kuma ambaci layin waya ƙarara. Cikin muradun ci gaba da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015 akwai alkawarin kawo ƙarshen cin zarafin yara kafin 2030. A watan Nuwamban 2024 wakilan gwamnatoci daga ƙasashe fiye da 100 suka hallara a Bogota ta Kolombiya kan wannan batu. Taro kam an sha yi, takardu kuma an sha sa hannu. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne ƙasashen Turai sun daidaita kan lamba ɗaya, 116 111, yayin da ƙasashen Afirka da dama, irin su Kenya, Uganda, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Senegal da Burkina Faso, suke amfani da 116. Alƙaluma uku kacal. Yaron ƙauye a Burkina Faso, ƙasar da ba ta fi mu arziki ba kuma ba ta fi mu zaman lafiya ba, yana da lambar da aka ce tasa ce.

Bari in ɗan tsaya kan yadda aikin yake, domin mutane da yawa suna zaton kamar kiran 'yan sanda ne. Masu wannan aiki a ƙasashe daban-daban suna faɗin abu iri ɗaya: kira da yawa shiru ne. Yaro zai kira, a ɗauka, ya yi tsit, ana jin numfashinsa, sai ya kashe. Gobe ya sake kira ya yi wasa, ko ya yi zagi, ya kashe. Wanda ba a horar ba zai ce 'yan iskan yara ne suna ɓata masa lokaci. Wanda aka horar ya san gwaji ne. Yaron yana so ya ji ko muryar nan za ta daka masa tsawa, ko za ta ce masa maƙaryaci kamar yadda aka saba ce masa. Wata rana sai ya buɗe baki, kuma sau da yawa ba zai ce ni ba ne, zai ce wata ƙawata ce, kawunta yana kiranta ɗaki in babu kowa. Daga nan aikin ke farawa. Mai amsawa ba ya gaggawar tambayar suna da unguwa. Yana saurare, ya tabbatar wa yaron cewa ba laifinsa ba ne, ya tambaye shi ko akwai wani babba da ya yarda da shi, goggo ko inna ko malamar makaranta. In rai na cikin haɗari a take, sai a tura wanda zai je. In ba haka ba, a bi a hankali, a haɗa shi da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da asibiti, da lauya in ta kama. Sannan duk kiran da aka yi ana rubuta shi ba tare da suna ba, a ƙarshen shekara gwamnati ta ga inda matsala ta fi yawa da irinta. Ta nan ne muryar yaron da ya yi magana a ɓoye take isa teburin masu tsara doka.

To ina muke a Nijeriya? Ba a ce babu komai ba. Akwai 112, lambar gaggawa ta kowa da kowa. Akwai 627 ta hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A Legas gidauniyar Cece Yara, wadda aka kafa a 2016, tana da layin kyauta na yara, kuma tana aiki mai kyau. Sai dai lambar doguwa ce, alƙaluma 11, kuma Legas ce. Ku tsayar da yara goma a bakin kasuwar Zuru ku tambaye su wace lamba za su kira in an cuce su, ku ji amsar da za ku samu. Ta fuskar doka kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar 'yancin yara ta duniya tun 1991, ta yi dokarta ta ƙasa a 2003, Jihar Kebbi kuma ta sa hannu kan tata a 2022, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, bayan kusan shekara 19 ana jan ƙafa. An yi dokar, madalla. Amma doka ba ta jin kuka. Sai an kai mata ƙara take motsi, yaron da aka kulle a ɗaki kuwa ba shi da hanyar kaiwa.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa juna gaskiya. In yau aka wayi gari Abuja ta sanar da 116 a duk faɗin ƙasa, shin yaron masarautar Zuru ya tsira ke nan? Ina! Akwai sauran rina a kaba.

Da farko, wayar a hannun wa take? A yawancin gidajenmu wayar mai gida ce, tana aljihunsa, ko ta matar gida, tana ɗaure a bakin zane. Wato sau da yawa tana hannun wanda za a kai ƙararsa. Ku ɗauki yarinya 'yar talla, da farantin gyaɗa a ka, ta fito tun hantsi. Wayar da za ta iya taɓawa ita ce ta mai shagon caji, inda wayoyi talatin ke jere a kan katako kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, ko ta ɗan acaɓa, ko ta mai shayi. Za ta ce a ara mata, a tambaye ta wa za ki kira, kina da kuɗin kati? Shi ya sa dole layin ya zama kyauta a kan MTN, Airtel, Glo da sauransu baki ɗaya, ya shiga ko babu ko sisi a waya. Shi ya sa kuma dole mu amince cewa a ƙasa irin tamu yawancin masu kira manya ne za su kasance: maƙwabciya, malamin firamare, ungozoma, mai kemis da aka kawo masa yarinya da ciwon da bai gane kansa ba. A ba su tabbacin ba za a fallasa sunansu ba, za ku sha mamakin abin da suka sani.

Sai batun sabis. A cikin gari ba laifi, amma a ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai akwai inda sai mutum ya hau tudu, ya ɗaga waya sama yana juyawa, kafin sanda ɗaya ta fito. Wasu wuraren ma jama'a sun watse saboda 'yan bindiga. Mun kuma ga yadda aka katse layukan sadarwa gaba ɗaya a maƙwabciyarmu Zamfara a watan Satumban 2021 da sunan tsaro. A irin wannan hali dole a haɗa waya da mutum, wato a kowace gunduma a san wata mace ko wani namiji da aka horar, wanda yaro zai iya zuwa wurinsa da ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe, kuma a nan ne nake ganin duk wani tsari da za a yi mana daga nesa zai yi tuntuɓe. Ƙasar Zuru ba ta harshe ɗaya ba ce. Akwai C'lela, akwai Fakkanci, akwai Dukkanci, akwai Kambarci, akwai Fulatanci, ga Hausa da ta haɗa mu a kasuwa. Babba zai iya ciniki da Hausa, ya yi shari'a da Hausa. Amma yaro ɗan shekara 7 da ke cikin firgici, da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi zai yi magana. In ya tattaro duk ƙarfin halinsa ya kira, aka amsa masa da Turancin Legas ko aka ce ya danna ɗaya ya danna biyu, ya kashe ke nan, kuma ba zai sake ba. Muna da matasa a nan da suka yi karatun jinya, da na koyarwa, da na aikin jin daɗin jama'a, suna zaune ba aiki, kuma suna jin waɗannan harsuna tun daga nono. Su ya kamata a horar a zaunar a bakin wayar.

Bayan an amsa kuma, wa zai zo? Layin da ba kowa a bayansa tamkar rijiya ce ba guga: ana hango ruwa, ba a sha. Ya ma fi rashinsa muni, domin yaron ya tona asiri, ba a zo ba, ya koma hannun wanda ya tona wa. In komai sai an jira mota ta taso daga Birnin Kebbi, ta biyo Koko, ta ratso Mahuta, ta fito Dabai, to kafin ta iso an riga an yi sulhun dole a zauren mai unguwa, an wanke yarinya, an ce a rufa asiri. Jihohin da ke kusa da mu sun fara wani abu da za a iya koyi da shi. Sakkwato tana da cibiyar Nana Khadija, Kano tana da Waraka, Kaduna tana da cibiyoyin Salama, inda wanda aka yi wa fyaɗe ke samun magani da shawara da takardar likita da kotu za ta karɓa, duk a wuri ɗaya. Masarauta mai ƙananan hukumomi 4 kamar tamu ta cancanci irin wannan ɗaki a babban asibitinta, da ma'aikacin jin daɗin jama'a mai babur da mai a tanki, da ɗan sanda ko 'yar sanda da aka ware wa wannan aiki.

Na san wasu na can suna cewa, malam, mu da ake kwashe mana 'ya'ya da bindiga, kai kana zancen waya? Gaskiyarku. Ba mu manta da sace ɗaliban Birnin Yauri ba, 17 ga Yunin 2021. Ba mu manta da Maga ba, nan cikin masarautarmu, 17 ga Nuwamban 2025, inda aka kashe mataimakin shugaban makaranta aka tafi da 'yan mata 25. Babu lambar wayar da za ta tare ɗan bindiga, wannan aikin soja ne da gwamnati. Amma bayan an sako yara, an ɗauki hoto da manya, motoci sun koma, wa ke sauraron yarinyar da ke firgita cikin dare? Ga kuma yaran gudun hijira da suka cika gidajen 'yan uwa a cikin gari, marayu da waɗanda aka raba riƙo. Su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin ba su da wanda zai tsaya musu, kuma an koya musu cewa wanda ya ba ka masauki ba a kai ƙararsa.

Akwai kuma masu tsoron cewa wannan hanya ce ta lalata tarbiyya, yaro ya riƙa kai ƙarar ubansa don an tsawata masa. Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Ba wanda ya ce kada a yi wa yaro faɗa, ba wanda ya ce kada ya je gona ko ya ɗebo ruwa. Amma kowa a cikinmu ya san inda horo ya tsaya, mugunta ta fara. Ɗaure yaro da igiya, ƙona masa hannu don ya taɓa nama a tukunya, hana shi abinci kwana da kwanaki, taɓa jikin yarinya: babu limamin da zai kira wannan tarbiyya, babu faston da zai kira shi haka, al'adar Lelna masu harshen C'lela ma ba ta san shi ba. Da aka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 aka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, iyaye ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran hali. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne in za a aike shi, ya kamata mu tuna da maganar in ana cutarsa.

Saboda haka kirana ga Gwamnatin Jihar Kebbi, musamman Ma'aikatar Harkokin Mata, shi ne ta nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da kamfanonin waya a ware gajeriyar lamba ɗaya ta yara, kyauta, dare da rana, a sa kuɗinta cikin kasafin shekara, kada a jingina ta da tallafin wata ƙungiyar waje da za ta tattara ta tafi bayan shekara uku. A buɗe reshenta a nan Zuru da masu jin harsunanmu. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, wannan magana ce da za ku iya tayarwa a zauren majalisa ba tare da kun jira kowa ba. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni, ku daina karɓar sulhu kan fyaɗen yaro, ku miƙa shi ga hukuma. In an samu lambar, a rubuta ta a bangon kowace firamare da islamiyya, a faɗe ta a huɗubar Juma'a da wa'azin Lahadi, matan ƙungiyar Musulmi ta FOMWAN da matan zumuntar coci su kai ta cikin gidaje, a sanar da ita a filin bikin Uhola inda jama'a ke taruwa.

Kafin a kai ga nan, kai maƙwabci, ke maƙwabciya, in kukan da kuke ji ta bayan katanga ya wuce na yau da kullum, kada ku jira sai hoto ya fito a Facebook. Ku je wurin jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ku kira 112. In tsoro kuke ji, ku gaya wa shugaban makarantar da yaron yake, ko limami, ko fasto, ku ce a sakaya sunanku.